Tawadar Allo da Tawadar Takarda

A cikin watan Agusta na wata damina da ta gabata, bayan an kwana biyu ana marka ba ƙaƙƙautawa, na ratsa ta wani ƙauye da ke gefen Mawashi, a ƙasar Kusada, sai na iske dattawa uku a gindin famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu, sun baje wani littafi a kan tabarma suna jiran rana ta leƙo ta shanya shi. Littafin kuwa na kuɗin gyaran famfo ne, wanda a cikinsa ake rubuta sunan kowane magidanci da abin da ya bayar a wata, ya dangwala yatsa, sa'an nan ma'aji ya buga hatimin ƙungiya. Da yake kuma a gindin famfon ake karɓar kuɗin, can ake barinsa cikin wani gwangwani a ƙarƙashin rumfa. Bayan mun gaisa, na ce, "Baba, ko zan iya dubawa?" Babbansu ya turo mini shi, ya ce, "Duba, ɗana, in akwai abin da ya saura."

Abin da na gani shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. Shafukan da wani ɗan makaranta ya cika da fensir, a ranar da biro ya ɓace, suna nan garau kamar jiya aka rubuta su. Waɗanda aka rubuta da baƙin biro sun kumbura, amma ana karanta su ba wahala. Inda aka ja layi da jar maka, jan ya malale ya rine shafi uku. Hatimin ma'aji kuwa, wanda shi ne kowa ya ɗauka hujja mafi ƙarfi a cikin littafin, ya koma wani gajimare mai launin shunayya, babu harafi ɗaya da ya tsira. Dangwalen yatsun magidanta kuma duk sun zama tabo iri guda, ba a bambanta na wane da na wane. Babu wanda ya ci amanar kowa a wannan unguwa, amma shaidar da za ta wanke ma'aji ranar da wani ya tayar da magana, ruwa ya tafi da ita, dalili kuwa shi ne an sayi tawadar da ba ta dace da aikin ba.

Wannan mas'ala ta littafin da ke kwana a waje ba mu kaɗai ta dama ba. A kudu maso yammacin Ingila akwai wani daji mai duwatsu da fadamu da ake kira Dartmoor, inda hazo da yayyafi ba su cika ɗaukewa ba. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, domin duk matafiyin da ya jure ya kai can ya jefa katinsa a ciki, ya zama shaidar zuwansa. Daga bisani kwalba ta zama akwati, aka sa littafin baƙi da hatimin roba a ciki, har abin ya zama wata al'ada ta nishaɗi: mutum ya ɓoye akwati a daji, ya ba da alamun inda yake, wanda ya gano shi ya buga hatiminsa a littafin akwatin, ya kuma buga hatimin akwatin a nasa littafin. Al'adar ta ƙetara zuwa Amurka sosai bayan wata mujalla ta ba da labarinta a 1998. Su wasa suke yi, amma da yake littattafansu na shekara a ƙarƙashin dutse, ruwa na dukansu, dole ta sa suka ƙware wajen zaɓen takarda da tawada. Mu kuwa da namu littattafan ba na wasa ba ne, na kuɗin famfo ne, da na adashi, da na awon hatsi a kasuwa, da rajistar dabbobi a kara, da takardun cinikin gona, mun fi su buƙatar wannan sani nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ilmin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina, namu ne muka sake shi. Duk wanda ya zauna a makarantar allo, ko a Mawashi ko a Kankiya ko a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ya san cewa malamai ba su taɓa ɗaukar tawada abu guda ba. Akwai tawadar allo, wadda ake yi da gawayi ko baƙin tukunya, a niƙa shi lukui, a haɗa da ƙaro da ruwa. An yi ta ne musamman domin ta wanku, saboda almajiri zai rubuta, ya biya, ya haddace, ya wanke, ya sake wani rubutun, kuma da irinta ake yin rubutun sha. Hikimarta ita ce baƙin gawayi ba ya shiga jikin allo, zama yake yi a bisa, ƙaro ne kawai ke riƙe da shi, ƙaro kuwa da ya ji ruwa sai ya narke ya saki abin da ya riƙe. Akwai kuma tawadar takarda, wadda alaramma ke rubuta Alƙur'ani da ita, marubuta kuma su kwafi littattafan fiƙihu da nahawu da tauhidi; ita wannan ana dafa 'ya'yan bagaruwa ne, a haɗa ruwan da ƙarfe ko kashin maƙera, a bar shi ya kwana ya nuna, a tace, a sa ƙaro kaɗan domin ta bi alƙalami. Sa'ad da aka rubuta da ita takan fito da ɗan haske, sai iska ta buge ta ta yi ta ƙara duhu, domin ɗacin bagaruwa da ƙarfe sun haɗu a cikin zaren takardar sun zama wani abu dabam wanda ruwa ba ya narkar da shi. Dukawa ma sun san wannan sirri, domin kulokon da suke baƙanta fata da shi ruwan ƙarfe ne, kuma ba ya yin baƙi sai a kan fatar da majema suka jeme da bagaruwa.

Kowace daga cikin biyun tana da aibinta, kuma ya kamata a faɗe shi. Tawadar gawayi rana ba ta iya mata kome, ko ta shekara ɗari baƙinta ba ya kodewa, sai dai laima kaɗan ta isa ta shafe ta. Tawadar bagaruwa ta gagari ruwa, amma da daɗewa takan juya ruwan ƙasa, in kuwa ƙarfe ya yi mata yawa sai ta riƙa cin takardar a hankali, har a sami tsohon littafi da haruffansa suka huda shafi. Saboda haka ne waɗansu marubuta suke gauraya su, domin kowace ta rufa wa 'yar'uwarta asiri. Da irin wannan lura, da jar tawada ta wasali da rawaya ta hamza, aka rubuta littattafan da suka ratsa damina bayan damina a ɗakunan ƙasa, har abin da malaman Katsina na ƙarni na 17 suka wallafa, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ya iso gare mu ta hannun masu kwafi, ɗaya bayan ɗaya.

To, daga nan mai karatu zai fahimci cewa duk tawadar da aka miƙo masa, ta gargajiya ce ko ta kanti, tambaya biyu ce a kanta. Ta farko, launin nata rini ne da ya narke a ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa, ko kuwa gari ne mai laushi da ke yawo a ciki bai narke ba? Rini rana ke kashe shi, gari kuwa yana jure mata. Ta biyu, mene ne ke riƙe launin a kan takarda, abin da ruwa ke narkarwa ne, ko mai ne da danƙon da ruwa ba ya kama su? Tawadar nan mai launin shunayya ko shuɗi da ake ɗura wa 'yar katifar hatimi, wadda ake saya da araha a shagunan kayan rubutu, galibinta rini ce a cikin ruwa, wato ta faɗi a tambayoyin duka biyu. An yi ta ne domin takardar da za ta zauna cikin fayil a ofis mai rufin kwano da kabad, kuma a can ba ta da laifi. Amma in an buga ta a littafin da ke kwana a rumfa, ko a takardar gona da za a naɗe a tura cikin tukunya shekara ashirin, to, an yi aikin takarda da tawadar allo ke nan.

Ina ganin wannan kuskure ya fi muni a kan takardun filaye da gonaki, domin su ba a buɗe su sai ranar husuma, ranar da mai sayarwa ya rasu, shaidu sun tsufa ko sun ƙaura, magada kuma sun taru a gaban alƙali kowa da da'awarsa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma malamai sun yi bayani cewa manufar rubutun ita ce kawar da shakka da tsare haƙƙi. Idan manufar ke nan, lalle wanda ya rubuta da abin da zai goge kafin wa'adi ya cika bai kai ga maƙasudin ba, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Magabatanmu ba su yi sakaci da hatimi ba. Wasiƙun Sarakunan Musulmi da na sarakunan ƙasashe na ƙarni na 19, waɗanda ake adana da dama daga cikinsu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da kuma Sakkwato, har yau ana karanta sunan mai hatimi a kansu. A zamanin En'e ma, tun daga lokacin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma a zamaninsa aka kafa Baitulmalin Katsina, talaka ya san darajar 'yar takardar haraji da ta jangali, yana adana ta kamar laya, domin ita ce mai fitar da shi in an tare shi a hanya. An soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Gwamna Balarabe Musa, tun Katsina ba ta zama jiha ba a 1987. Amma buƙatar takarda mai hatimi ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi.

Abin da nake ba da shawara a kai game da hatimi ba mai tsada ba ne. A nemi tawadar hatimi baƙa, mai mai, wadda aka rubuta a jikin kwalbarta cewa ruwa ba ya wanke ta. In ba a samu a Kankiya ba, duk mai zuwa Katsina ko kasuwar Sabon Gari a Kano zai iya sayo ta, kwalba guda kuma takan daɗe a hannun ƙungiya. A saya mata sabuwar katifa, kada a ɗura ta a kan tsohuwa, domin mai da ruwa ba sa haɗuwa, sai su yi dabbare-dabbare. Tana da jinkirin bushewa, saboda haka in an buga a dakata kaɗan kafin a rufe littafin, ko a sa wani fallen takarda a tsakani. A kuma riƙa goge fuskar hatimin bayan aiki, domin man da ya kwana a kan roba yana cinye ta, ƙurar hunturu kuma tana cike ramukan haruffa. Dangwalen yatsa ma da ita za a yi, a taɓa kaɗan, a danna sau ɗaya ba tare da murzawa ba, domin zanen yatsa ake bukata, kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa in tawada ta yi yawa. Sa'an nan kada a dogara ga hatimi shi kaɗai: a rubuta sunan mai hatimi da kwanan wata da baƙin biro a ƙarƙashinsa.

Maganar alƙalami gajeriya ce. Baƙin biro na yau da kullum tawadarsa mai ce, yana jure ruwa, ya kuma fi ja da shuɗi jure rana. Maka da alƙalamin nan mai tawada ruwa-ruwa, wanda ɗalibai ke so saboda santsinsa, yawancinsu ba na waje ba ne. Fensir ya fi su duka jimiri, domin ko a kan jiƙaƙƙiyar takarda yana rubutu, rana kuma ba ta kodar da shi. Illarsa ɗaya ce, ana iya goge shi, don haka ya dace da ƙidayar buhuna da lissafin yini, bai dace da shaidar kuɗi ko ta gona ba. Rasit ɗin da na'urar POS ke fitarwa kuwa babu tawada a kansa sam, zafi ne ke fito da rubutun, zafi ne kuma ke ɓatar da shi. Wanda ya ajiye shi a aljihu a bazara zai tarar da farar takarda, sai dai ya kwafe lambobin a littafi tun a ranar.

Takarda ita ma tana da labarinta. Tsofaffin littattafan malamanmu da yawa an rubuta su ne a kan takardar da ake yi a arewacin Italiya, wadda in an ɗaga ta a rana ake ganin alamar jinjirin wata uku a jikinta. Fatake ne ke kawo ta daga Tarabulus da Alƙahira, ta ratso Sahara a kan raƙuma har kasuwannin Katsina da Kano. Da tsummokaran lilin ake yin ta, zarenta dogo ne, shi ya sa take lanƙwasuwa ba ta karyewa. Takardar yau ta araha da itace da aka niƙa ake yi, akwai tsami a jikinta da ke cin ta daga ciki, kuma kowa ya ga yadda jarida ke yin ja in ta kwana biyu a rana. Littafin ɗan makaranta mai shafi arba'in ko sittin, wanda aka ɗinke da 'yar waya a tsakiya, shi ne mafi rauni, domin da laima ta taɓa wayar sai ta yi tsatsa, tsatsar ta ci takardar, shafukan tsakiya su fara zubewa. Gara a sayi babban littafin rajista mai kaurin bango, wanda aka ɗinke da zare, mai takarda mai ɗan nauyi, a sa wa kowane shafi lamba tun ranar farko domin kada wani ya fita ba a sani ba. Malamai ma da suke barin littafi falle-falle ba ɗinki, ai sukan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda ya gabata, saboda tsoron rikicewa.

Akwai takardar da aka yi musamman domin ruwa. Wani kamfani a garin Tacoma na Amurka, mai tambarin Rite in the Rain, ya samo asali ne tun 1916 daga buƙatar masu saran katako da ke lissafi a cikin ruwan sama. Ana shafa wa takardar wani abu da ke sa ruwa ya gangare. Akwai kuma wadda roba ce zalla aka yi ta kamar takarda. Masu aikin safiyo da masu binciken daji suna amfani da su. Sai dai wanda ya same su ya sani cewa abin da ya hana ruwa shiga shi ne kuma ke hana tawada mai ruwa kamawa, ta yi ta zama a bisa ba ta bushe ba, hannu ya shafe ta; fensir da biro da tawada mai mai ne kawai abokan tafiyarsu. A ganina ƙungiyar ƙauye ba ta bukatar wahalar neman su, in dai ta gyara ma'ajin littafinta.

Ma'aji kuwa shi ne rabin aikin, kuma a nan ma gafaka ta riga mu. Alaramma yakan sa Alƙur'aninsa tsakanin bango biyu, ya naɗe da tadarishi, ya zura a gafakar fata, ya rataye ta a bango nesa da ƙasa, inda gara ba ta kaiwa, iska kuma tana ratsawa. Mu kuwa leda muka riƙe, alhali leda takobi ce mai kaifi biyu: tana hana ruwan sama shiga, tana kuma hana danshin da ya riga ya shiga fita, har littafin da aka ƙulle da ɗan sanyi a jikinsa ya yi gumi a ciki, funfuna ta kama shi cikin 'yan kwanaki. Gwangwani da akwatin ƙarfe su kuma suna yin raɓa daga ciki idan dare ya yi sanyi bayan zafin rana. Abin da ya fi shi ne a naɗe littafi da ƙyallen auduga busasshe, a sa shi a robar da murfinta ke kamawa gam, a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a ɗora robar a kan wani abu mai tsawo a inuwa, kada ta taɓa ƙasa ko bangon laka. Duk ranar da aka yi rana a cikin damina a buɗe a sha iska. In kuwa ƙaddara ta sa ya jiƙe, kada a shanya shi a tsakiyar rana kamar yadda dattawan nan suka yi niyya, domin takarda za ta ƙanƙance ta yi kumburi. A tsayar da shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa sa busassun takardu tsakanin shafuka ana canzawa, kada kuma a ɓanɓare shafukan da suka manne da ƙarfi sai sun sha iska. Wannan shi ne abin da muka yi a ranar, muka kuwa ceto mafi yawan sunayen, ban da hatimi.

Ban ce kowa ya gaskata ni ko ya gaskata mai shago ba, domin abin da aka rubuta a jikin kwalba ba kullum yake zama gaskiya ba, jarrabawar kuma mai sauƙi ce. A yagi falle ɗaya daga ƙarshen littafin da za a yi aiki da shi, a rubuta layi da kowane alƙalami, a buga hatimi sau biyu, a dangwala yatsa, a bar shi ya kwana. Kashegari a raba shi biyu, rabi a tsoma a ƙwaryar ruwa gwargwadon lokacin da ake ɗauka a yi alwala, a fitar a murza da yatsa. Ɗaya rabin a danne shi da dutse a inda rana ke duka har mako biyu. Abin da ya tsira a duka biyun shi ne na littafin waje. Bayan haka, duk ƙarshen wata a sami mai waya ya ɗauki hoton shafukan da aka cika, ko a kwafe su a littafi na biyu da zai zauna a gidan liman ko na wani amintacce, kamar yadda malamai ba sa yarda littafi mai daraja ya zauna kwafi ɗaya.

Saboda haka ina roƙon ma'ajin kowace ƙungiya, da sarakunan kasuwa, da iyayen adashi, da masu unguwanni da dagatai waɗanda jama'a ke kawo wa takardu su sa hannu, tun daga Mawashi har Kusada da Kankiya, su yi wannan jarrabawa tun cikin bazara, kafin hadarin farko ya haɗu. Kai kuma mai karatu, in akwai takardar gona ko ta gida da ka gada ko ka saya, ɗauko ta yau ka duba hatimin da ke kanta. In ka ga ya fara kodewa, ka nemi a sabunta ta tun shaidunka suna raye.